Sauya Ƙafar Gaban Hilux Zuwa Dunƙulallen Aksil, Ko Gyara Ta Asali, Ko Sayen Land Cruiser?

Duk mai Hilux ko Prado ko 4Runner da ke aikin ƙauye a jihar Sakkwato ya san inda kuɗinsa ke zurarewa: ƙafar gaba. Yau boljoyin, gobe bushin, jibi robar shaf ta yage yashi ya shige. In abin ya ishi mutum, ba a rasa wanda zai kawo masa shawarar nan da ta yaɗu tun da bidiyoyin 'yan hawan dutse na Amurka da Ostareliya suka cika wayoyi, cewa a yanke ƙafar gaban ɗungurungum a ɗaura dunƙulallen aksil irin na Land Cruiser, kowa ya huta. Shawarar ba tatsuniya ba ce, ana yin aikin kuma mota na tafiya. Sai dai hanyoyi uku ne a gaban mai mota, ba biyu ba. Ko ya yanke ya sauya, ko ya yi wa ƙafar da kamfani ya ba shi gyara na gaskiya, ko ya sayar da motar ya sayi wadda ta fito da dunƙulallen aksil tun daga kamfani. A ganina ta farkon ce ta fi daɗin faɗa a majalisa, kuma ita ce ta dace da mutane mafi ƙaranci a ƙasar nan tamu.

Dunƙulallen aksil bututun ƙarfe ne guda mai kauri da ya haɗa tayar hagu da ta dama, kamar sandar da ke ƙarƙashin amalanken shanu, sai dai shi a cikinsa akwai difarenshal, wato giyar da ke raba ƙarfin inji ga tayoyin biyu, a cikin wani kumburi da ake kira tulu, da shafuna biyu masu juya tayoyin. Taya ɗaya ta hau tudu, sai ya danna ɗayar ƙasa, don haka duka biyun na taɓa ƙasa ko da hanya ta karkace. Rababbiyar ƙafa kuwa, wadda takardun mota ke rubutawa IFS, kowace taya na rataye da hannuwanta biyu, na sama da na ƙasa. Difarenshal ɗinta na ɗaure a jikin shasi, shaf mai gaɓa biyu ke kai wa kowace taya ƙarfi, kowace gaɓa kuma roba ce kawai ke tsare giris ɗinta. Ka ƙirga da kanka: boljoyin huɗu, bushin takwas a hannuwa, roba huɗu a fili inda ƙaya da kututturen gero za su same su. A dunƙulallen aksil na Toyota gaɓar shaf tana ɓoye cikin gwiwar ƙarfe, babu robar da za ta yage, boris ɗin kinfin, wato inda gwiwar ke juyawa in an karya sitiyari, shi ne a madadin boljoyin. Wannan shi ne asalin kwaɗayin da mutane ke yi masa, kuma suna da gaskiyarsu.

Toyota da kanta ta bi hanyoyin biyu, kuma sanin shekarun zai taimaki mai neman kaya a kasuwa. Hilux mai jan taya huɗu ta fara ne da dunƙulallen aksil a kan sifirin falle a ƙarshen shekarun 1970. A Amurka an bar shi daga ƙirar 1986, aka koma rababbiyar ƙafa mai toshan ba, wato sandar ƙarfe mai murɗewa da ke aikin sifirin, ita da 4Runner. A wasu kasuwannin kuwa an ci gaba da ƙera mai dunƙulallen aksil har wajen 1997, wato LN106 mai injin dizal 3L na lita 2.8 da 'yan'uwanta masu fetur. Ƙirar da ta biyo baya ta koma toshan ba, sannan Hilux Vigo ta zo a 2004 zuwa 2005 da naɗaɗɗen sifirin, wato koyil, da sitiyarin rak, mai sandar haƙora a madadin akwati. A ɓangaren Land Cruiser, lokacin da aka fito da 100 a 1998 da rababbiyar ƙafa, kamfanin bai yarda ya bar masu aikin daji da ita kaɗai ba. Ya ƙera musu 105, jiki ɗaya da 100 amma aksil dunƙulalle, har zuwa 2007. Zuriyar 70 kuwa tun 1984 ake yin ta, har yau ba a canza mata wannan tsari ba. Pajero tun fitowarta a 1982 rababbiyar ƙafa gare ta. Nissan Patrol Y60 da Y61 dunƙulallu ne, Y62 ta 2010 ta bar shi.

To, wace irin ƙasa muke takawa? Mutanen da ke cikin bidiyoyin nan duwatsu suke hawa da gudun da bai kai na mai tafiya a ƙafa ba, motar kuma ta wasan ƙarshen mako ce, da yawa ma a kan tirela suke kai ta wurin. Mu namu daban ne. Arewa, ta wajen Gudu da Tangaza da Illela da Gada, yashi ne. Gefen gulbin Rima, daga Goronyo zuwa Wurno, Kware, Wamakko har Silame, fadama ce da lakarta daga Yuli zuwa Satumba. Tsakanin waɗannan akwai burji mai gargada, da kwaltar da ramuka suka cinye, da kwazazzabon da ruwa ya yanka ya raba gari da gonakinsa. Kuma kafin ka kai ko'ina sai ka yi tafiya mai tsawo a kan kwalta da gudu.

A yashi aksil ba ya cikin manyan dalilan wucewa ko kafewa. Abin da ke fitar da mota shi ne rage iskar taya zuwa wajen 18 ko 20 a ma'aunin mai faci, da rashin nauyi, da direban da ya san kada ya cire ƙafa a inda bai kamata ba. Dunƙulallen aksil ƙarin nauyi ne a gaba, tulunsa kuma na rataye ƙasa yana huɗar yashi, alhali rababbiyar ƙafa cikinta a shafe yake da faranti. Wanda ke shakka ya tuna motocin da suka yi shekaru suna tashi daga Agadas suna ratsa Tenere zuwa Libiya shaƙe da mutane da jarkoki. Yawancinsu Hilux ne na zamani, da ƙafar da kamfani ya sa musu. In ta ratsa wancan yashin, na hanyar Balle ba zai zama dalilin yanka shasi ba.

A gargada da kwalta ma rababbiyar ƙafa ce a gaba, kuma ba da kaɗan ba. Nauyin da ke tsalle a ƙarƙashin sifirin ya fi ƙaranci, don haka taya na saurin komawa ƙasa bayan ta bugi rami, kuma bugun da tayar dama ta sha ba ya ƙetarawa hagu. Mota mai dunƙulallen aksil da sifirin falle in ba kaya a kanta, a burjin da ya yi layi-layi, gabanta na tsalle yana zamewa gefe. Duk wanda ya taɓa zama a tsohuwar Land Cruiser 75 daga Sakkwato zuwa ƙauye ya san yadda ƙugu ke ji washegari. Toyota ma ta sani, shi ya sa a 1999 ta sa wa 78 da 79 koyil a gaba.

Inda dunƙulallen aksil ke nuna kansa shi ne kwazazzabo da gaɓar rafi, wurin da mota ke karkacewa taya ɗaya ta rataye a iska. Rababbiyar ƙafa ba ta da tsawon miƙewa, da ta ɗaga taya sai ƙarfi ya gudu zuwa wadda ke iska, motar ta tsaya tana kuka. Haka nan tazarar da ke tsakanin tulun aksil da ƙasa ba ta canzawa ko mota ta dira da ƙarfi, ita kuwa rababbiya tana durƙusawa cikinta ya bugi ƙasa. Sai juriya ga duka: direba ya faɗa rami da gudu, dunƙulalle ya fi yafe masa, alaimen ɗinsa ba ya saurin gocewa. Amma a sawun da tifa ko tarakta suka haƙa a fadama, tulun ne ke fara zama a kan tudun tsakiya, kuma ba abin da ke ɗaga shi sai taya mai tsawo.

Akwai wani ruɗi da ya kamata a kawar. Masu ɗaukar albasa daga Gwadabawa ko shinkafa daga Wurno kan ɗauka in sun sauya ƙafar gaba motar za ta ƙara ɗaukar kaya. Buhuna a baya suke zama, bayan Hilux kuwa dama can dunƙulallen aksil ne a kan sifirin falle. Shasi bai canza ba, birki bai canza ba, boris ɗin baya bai canza ba. Mai wannan buƙatar ya duba sifirin baya da tayoyinsa, ya bar gaba.

Yanzu ga aikin sauyin kansa, a nan ne ya kamata mutum ya zauna ya yi lissafi da kyau. Ba aikin kwance noti a ɗaura wani ba ne. Ana yanke duk maƙalan tsohuwar ƙafa daga jikin shasi, a goge, a yi waldar sababbin wuraren rataye sifirin. Daga ranar da aka sa wuta babu komawa baya. Za ka ji wani ya ce maka, "Alhaji kawo ta, wanga aiki ba komi na ba, kwana ukku ka zo ka ɗau motakka." Kafin ka miƙa makulli, ka tambaye shi abubuwan da ke tafe, ka saurari amsarsa da kyau.

Na farko, ta wane gefe farfelar gaba ke fitowa daga akwatin okzilari, wato akwatin giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya? Dole tulun aksil ɗin da za a sayo ya kasance a gefe ɗaya da ita. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser 60 da 70 da 80 tulunsu na dama. Tacoma daga 1995 da Hilux na zamani farfelarsu ta hagu take fitowa. Ke nan in ka sayo aksil ɗin Land Cruiser 80 don Vigo, sai an yanka bututun an juya shi, ko an canza akwatin okzilari gaba ɗaya. Ka leƙa ƙarƙashin motarka da idonka kafin ka tura kuɗi kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ko ta Ladipo a Legas.

Sai yawan haƙoran difarenshal. Gaba da baya dole su yi daidai. Toyota ta yi amfani da 4.10 da 4.30 da 4.56 da 4.88 a motoci daban-daban, kuma daga waje tulun duk kama ɗaya suke. In gaba 4.10 ne baya 4.56, a yashi mai laushi motar za ta ɗan yi haƙuri, amma ranar da aka sa okzilari a ƙasa mai tauri, tayoyin gaba da na baya za su riƙa kokawa har wani abu ya fashe a tsakani. A buɗe a ƙirga haƙora, a raba na babban da na ƙaramin, kada a yarda da rantsuwar mai shago. A wannan zaman ne kuma za a duba ramukan rim. Hilux mai jan huɗu da Land Cruiser 80 da Patrol noti shida gare su, amma 105 da 78 da 79 noti biyar ne. Ka sayo na biyar, ka shiga ɗaukar safaya biyu. Faɗi ma abin aunawa ne. Aksil ɗin gaba na tsofaffin Hilux na kafin 1986 ya gaza na bayan masu toshan ba da wajen inci uku, na Land Cruiser 80 kuma ya fi shi faɗi sosai, sai ka ga tayoyin gaba sun fito waje suna watsa laka a jikin ƙofa.

Akwai kuma tarkon da ya shafe mu musamman. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyarinmu na hagu. Kayan Beljiyam da yawa kuwa daga motocin Japan da Ingila aka kwance su, masu sitiyari a dama, hannun sitiyarin da ke jikin gwiwar aksil ɗinsu na ɗaya gefen ne. Ana iya canza shi in an sami na daidai. Abin da ba a yi shi ne a gasa hannun sitiyari da wuta a lanƙwasa, ko a yanka a haɗa da walda. Ƙarfen da ya sha wannan ba ya ba da sanarwa kafin ya karye.

Sitiyarin kansa shi ne ya raba motocin gida biyu. Hilux da 4Runner masu toshan ba akwatin sitiyari gare su a jikin shasi, ana iya amfani da shi, a matsar da shi gaba kaɗan in ya kama, a ƙarfafa shasin da faranti a wurin domin a nan yake tsagewa. Hilux Vigo da Revo da Prado daga 90 zuwa sama da Tacoma duk rak ne, rak kuwa ba ya aiki da dunƙulallen aksil. Sai an cire shi, an nemo akwati, an yi masa mazauni, an haɗa shi da sandar sitiyari da famfon mai. Ƙari a kan haka, motocin zamani na da na'urar ABS da ke karanta gudun kowace taya, tsohon aksil kuwa sau da yawa ba shi da wurin sa ta. Fitilu za su kunnu a gaban direba, a wasu motocin har lissafin birki ya rikice.

Abin da ya fi kashe irin wannan aiki ba a ganinsa da ido, wato kusurwar kasta. Layin kinfin dole ya ɗan kwanta baya ta sama, wajen digiri 3 zuwa 6, shi ne ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana, mota ta miƙe a kan hanya. Matsalar ita ce in an ɗaga mota, farfelar gaba na yin tsaye da yawa, sai bakanike ya juya aksil sama don farfela ta daina rawa. Juyawar nan ita ke cinye kasta. A cikin gari ba za ka ji komai ba. Sai ka hau hanyar Bodinga ka ba ta wuta, ta taka ɗan rami, gaban mota ya kama karkarwa hagu da dama, sitiyari na neman fizge hannunka, ba ta dainawa sai ka kusa tsayawa. Sako-sakon boris ɗin kinfin da bushin da ya mutu da tayar da ba a daidaita ba duk suna ƙara wutar wannan. In da koyil za a yi aikin, akwai ƙarin sharaɗi: sandar Panhard da ke hana aksil zamewa gefe dole ta yi layi ɗaya da sandar da ta taho daga akwatin sitiyari, tsawonsu kuma ya yi kusa. In suka saɓa, duk ramin da ka taka motar za ta juya kanta ba da izininka ba. Bakaniken da ka tambaya digiri nawa zai ba kasta ya ce maka da ido yake aunawa, ka yi masa godiya ka ɗauki makullinka.

Ɗagawar ma ba zaɓi ba ce. Shasin da aka ƙera don rababbiyar ƙafa ba a bar masa wurin da aksil zai yi sama ba, ga kaskon baƙin mai a kan hanya, don haka yawancin irin wannan aiki na ƙarewa da ɗaga gaba inci huɗu zuwa biyar, sannan a ɗaga baya ya yi daidai. Motar ta yi tsawo, kaya a bayanta, wataƙila da mutane a kan kayan kamar yadda ake yi ranar kasuwa, sai akuya ta gitta. Tsawon da ya burge mutane a gareji shi ne zai kwantar da ita. Sai shan mai da ya ƙaru saboda nauyi da manyan tayoyi, abin da tun cire tallafin fetur a Mayun 2023 ba wanda ke raina shi.

Walda kuwa, mai yin ƙofa da taga ba lallai ne ya iya shasi ba, ko da ya ƙware a nasa. Waldar kabaid ba ta da wuri a nan. Ana son inji mai isasshiyar wuta da ilektirod irin 7018 da aka ajiye a bushe, ba wanda ake ɗinka gadon ƙarfe da shi a kan ƙaramin janareta ba. A cire batir kafin a fara. A auna daga aksil ɗin baya zuwa na gaba ta kowane gefe, a kuma auna a gicciye, domin kuskuren rabin inci ya isa mota ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya har ƙarshen rayuwarta. A nemo inda lambar shasi take a buge tun kafin a kunna wuta. In walda ta taɓa ta, bayanin da za ka yi wa kwastam da 'yan sanda a kowane shinge ya fi aikin tsada. Mai saye ma in ya leƙa ya ga ɗinki a shasi, haɗari zai kawo a ransa, ya karya farashi ko ya juya.

Kada kuma a ɗauka dunƙulalle ba ya cin kuɗi bayan an gama. Oyilsil ɗin cikin bututu na mutuwa, man giya ya gauraya da giris ɗin gwiwa ya riƙa tsiyaya baƙi ta bayan taya. Gyaransa sai an kwance gwiwar duka, a daidaita matsin boris ɗin kinfin da siraran faranti, a sa giris mai moli a gaɓar shaf. Babban notin hob na Toyota soket mai lamba 54 yake so, amma ka duba tsofaffin aksil ɗin kasuwa, yawancinsu duk sawun kurfi da guduma ne a jikinsa. Notocin da ke riƙe hannun sitiyari a gwiwa na kwancewa a hankali, in ba a duba su suna tsinkewa. Bambancin dai shi ne yana ba da alama da wuri, kuma yana daɗewa tsakanin gyara da gyara.

Hanya ta biyu ba ta da armashi, shi ya sa ba a yi mata bidiyo. Kaso mai yawa na kukan da ake yi da rababbiyar ƙafa kukan jabun kaya ne. Boljoyin mai araha a kwali mai tambarin Toyota ba zai ga ƙarshen damina ba. A sa na asali, a canza hagu da dama tare, a matse notocin bushin bayan an sauke mota a kan tayoyinta ba tana rataye a jak ba, don in an matse a sama robar na murɗewa ta yage da wuri. A daina ɗaure toshan ba har ƙarshe don mota ta yi tsawo, wannan ke karkatar da shaf ya ci robarsa, ya kuma hana taya sauka cikin rami. A duba robar shaf duk lokacin juyen baƙin mai, wadda ta tsage a canza ta a ranar kafin yashi ya niƙe gaɓar. A sa shokazoba mai kyau da farantin kariya a ƙasa. Masu Prado 90 da 4Runner na 1996 zuwa 2002 da tsohuwar Tacoma su kula da boljoyin na ƙasa fiye da kowa, domin a ƙirarsu nauyin mota jan sa yake yi, in ya fita taya na kwantawa nan take. Har kiranye Toyota ta yi a Amurka a 2005 a kan wannan ɓangare na wasu daga cikinsu. Wanda kuma matsalarsa rataye taya ce a kwazazzabo, makullin difarenshal a baya, mai tilasta wa tayoyin biyu juyawa tare, zai fitar da shi daga yawancin wuraren da yake kafewa, ba tare da an taɓa shasi ba. Duk wannan in ka haɗa bai kai kuɗin aksil da sifirin da farfela da birki da tayoyi da ladan aikin sauyi ba.

Wani abu da ba a faɗa a bidiyo: a wasu hanyoyin gabashin jihar da na kan iyaka, lalacewar mota da yamma ba maganar asarar lokaci ba ce kawai. Motar da ke yadda kamfani ya yi ta, kowane bakanike a Gwadabawa ko Tambuwal ya san ta, kayanta na kan kanta a shago. Motar da gabanta Land Cruiser ne, sitiyarinta na wata ce, farfelarta an yanka an ƙara, mutum ɗaya ne ya san sirrinta, shi kuma yana cikin birni.

Hanya ta uku ita ce ta wanda da gaske aikinsa na bukatar dunƙulallen aksil. Land Cruiser 79 da 78 da 76 an auna musu komai tun daga takarda: shasi, kasta, birki, wurin kaskon mai. Injin 1HZ na lita 4.2 ba shi da sauri, amma famfonsa ba na kwamfuta ba ne, yana haƙuri da dizal ɗin da ake samu a ƙauye fiye da injinan zamani. Ba banza ba ƙungiyoyin agaji da masu aikin rigakafi ke yawo da su. Aibinsu tsada, ko tsohuwa ba ta faɗuwa. Land Cruiser 105 ta fi su daɗin zama in an same ta. Ita 80, wadda aka yi daga 1990 zuwa 1997, koyil gare ta gaba da baya kuma tana da sauƙin kuɗi, sai dai ƙaramarsu ta kusa shekara talatin, mai injin fetur na lita 4.5 kuwa ba ta san ana tsadar mai ba. Patrol Y61 ƙafarta ta kai ta kowa ƙarfi, amma kayanta ba su kai na Toyota yawa a kasuwanninmu ba. Tsohuwar Hilux LN106 in shasinta bai ruɓe ba ta isa aikin gona. Kowacce za ka saya, musamman wadda ta biyo ta Ƙonni ko Kwatano, ka tantance takardun kwastam, don a Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa.

Ga yadda nake raba su. Mai Vigo ko Revo ko Prado ko Tacoma, kada ya yanka. Aikin ya yi yawa, kwamfutar motar ba za ta yarda ba, darajarta a kasuwa za ta zube, garin neman gira a rasa ido. Ya gyara ƙafarsa da kayan asali, in ta gaza masa ya sayar tun tana da kima ya ƙara kuɗi ya nemi zuriyar 70. Wanda rabin tafiyarsa kwalta ce, Sakkwato zuwa Gusau ko Birnin Kebbi, da iyali a ciki, shi ma maganar ba ta shafe shi ba ko wace ƙira gare shi.

Wanda sauyin zai iya yi wa rana shi ne mai tsohuwar Hilux ko 4Runner mai toshan ba, wadda kuɗinta a kasuwa ya riga ya faɗi, ƙafar gabanta ta gama mutuwa, aikinta kuma gona ne da fadama da ɗaukar injin ban-ruwa a gudun da bai wuce na burji ba. Shi ma da sharaɗin ya sami gaban LN106 mai sitiyarin hagu cikakke, da sifirinsa da birkinsa da farfelarsa daga mota ɗaya, ya tsaya a kan sifirin falle, ya ɗaga ta iya abin da kaskon mai ya tilasta kawai. Bayan an gama a canza tiyon birki da masu tsawo, a ɗaga motar a tabbatar ba sa jan kansu in aksil ya sauka, kuma farfela ba ta zarewa. A ja bututun numfashin aksil zuwa sama saboda ruwan fadama. A gwada ta babu kaya a hanyar da ba mutane, ana ƙara gudu kaɗan-kaɗan, a taka birki da ƙarfi a ga ko tana ja gefe. Bayan tafiyar makon farko a koma gareji a sake matse yubol masu ɗaure sifirin a jikin aksil da notocin hannun sitiyari, a wanke wuraren walda a duba su da tocila ko akwai tsaga.